NAZARI: Mai jinyar miji a karkarar arewacin Kano, ma'aikaciyar lafiyar da ba ta cikin lissafin gwamnati

Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ce aka keɓe a duniya domin wayar da kai game da cutar shanyewar ɓarin jiki. A shekarar 2023 kuma Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ayyana ita wannan rana dai a matsayin ranar masu aikin kula da wasu, wato masu jinya da masu raino. A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Tsanyawa da Minjibir, abubuwan nan biyu a ɗaki guda suke kwana. A kan katifa akwai magidancin da hannu da ƙafa suka daina amsa masa, a gefensa kuma kan tabarma akwai matar da ta koma ita ce hannun, ita ce ƙafar.

Wannan mata ita ce ginshiƙin kula da masu cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a karkarar arewacin Kano. Ita ke ciyarwa, ita ke wanka da wanki, ita ke ƙirga ƙwayoyin magani, sau da yawa kuma daga jarinta ake sayen su. Amma babu sunan aikinta a kasafin kuɗin jiha, babu shi a tsarin inshorar lafiya, ba a kuma koya mata komai kafin a sallamo mata maras lafiya daga asibiti. Tsarin kiwon lafiyar Najeriya ya ɗora mata nauyin da ya kasa ɗauka, al'umma kuma ta raɗa wa abin suna haƙuri, aka wuce wurin.

Cututtukan da ke kwantar da mutum shekaru

Wani babban bincike da mujallar Lancet Neurology ta wallafa a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2021 mutum fiye da biliyan 3 ne ke rayuwa da wata cuta da ta shafi ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi, tun daga ciwon ɓarin kai har zuwa shanyewar jiki. Waɗannan cututtuka, in an haɗa su, su ne kan gaba wajen jawo rashin lafiya da naƙasa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mace-mace da asarar lafiyar da suke haddasawa suna faruwa ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Waɗanda suka fi mayar da miji ko mata mai jinya su ne shanyewar ɓarin jiki, da farfaɗiya, da cutar mantuwa wadda a ƙauye ake ɗauka gigin tsufa ne kawai, da cutar karkarwa ta Fakinsan. Ta farkon ita ce ta fi zuwa ba sallama. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka kuma wallafa sakamakonsa a 2018, ya duba mutum 2,118 da jikinsu ya shanye. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba, kuma hawan jini shi kaɗai yana da hannu a kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da ya faru da su.

Ma'anar waɗannan alƙaluma a ƙauye ita ce cutar tana kayar da mutum yana tsakiyar ciyar da iyali, da 'ya'ya ƙanana a gabansa. Da yake kuma a karkara miji kan girmi matarsa da shekaru masu yawa, mai jinyar kan kasance mace mai ƙuruciya, wani lokaci da goyo a bayanta. Zazzaɓin cizon sauro kwanaki yake yi a san makomarsa. Wanda ya tsira daga shanyewar jiki kuwa yana iya yin shekara biyar ko goma yana buƙatar a ɗaga shi a kwantar. Asibitocin karkara an tsara su ne domin gajerar cuta da awon ciki da haihuwa da rigakafi. Doguwar jinya ba ta da ɗaki a cikinsu, sai a cikin gida.

Ƙasar da ba a barin ta ta huta

Kafin a gane nauyin jinya a wannan yanki, sai an gane yadda ake noma a cikinsa. Tun a 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa nazari a kan karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda suka bayyana ta a matsayin ɗaya daga cikin yankunan noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona tana jingine da gona, gida yana hango gida, kusan duk ƙasar da za ta nomu ana noma ta kowace damina ba tare da an bar ta saura ba. Abin da ke riƙe da irin wannan ƙasa shi ne taki da gumi. Ana tsare awaki da tumaki a gida, a ciyar da su harawar wake da ta gyaɗa, a tara takinsu, a kai shi gona da rani a mangala ko a amalanke. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna raba kunya ɗaya.

Noma irin wannan ba ya jiran kowa. Idan shanyewar jiki ta kayar da magidanci da bazara, shuka ba za ta jira ya warke ba, haka noman firi da maimai. A da can gandu ne ke rufa asiri, uba da 'ya'yansa masu aure suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Rabon gado daga kaka zuwa jika ya daddatsa gonaki, gandu ya yi rauni a gidaje da yawa, samari kuma sun watsu, wasu suna tuƙa adaidaita sahu a birni, wasu suna leburanci ko gadi a Abuja da Legas. Kuɗin da suke turowa ta waya yana sayen magani, amma ba ya juya maras lafiya a kan shimfiɗa.

Daga nan sai asara ta riƙa haifar asara. Dole a ɗauki 'yan ƙodago, dole a biya asibiti, abin da ya fi saurin zama kuɗi a gidan kuwa shi ne akuya, wadda sau da yawa ta matar ce. In an kai awaki kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi, taki ya ragu. In taki ya ragu, dammunan baɗi sun ragu. In rumbu ya ƙare tun kafin damina ta tsaya, sai a jinginar da gona, jingina kuma a irin wannan hali kan zama matakin farko na sayarwa. A yankin da gona ta yi tsada saboda ƙarancinta, wanda ya sayar ba kasafai yake sake mallakar wata ba. Ciwon mutum ɗaya kan mayar da zuriya guda 'yan ƙodago a gonar da ubansu ya gada.

Aikin da ba wanda ya koya mata

Alamomin shanyewar jiki sanannu ne ga likitoci: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta mutu, harshe ya sarƙe, duk a lokaci guda. Maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Irin wannan na'ura a manyan asibitocin birni take. Mutumin da ya faɗi a gona a Makoɗa kuwa, zangon farko da za a kai shi shi ne kemis ko gidan malam ko wurin wanzami, domin da yawa suna ɗaukar abin shafar aljanu ce ko jifa. Kuskure ne a ɗora wannan kacokan a kan jahilci. Akwai lissafi a ciki: malam yana kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, yana kuma yi wa iyali bayanin da suke fahimta, alhali kuɗin shatar mota zuwa Kano kaɗai yana iya cin buhun gero.

In an kai ga asibitin, ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano, mai jinya ce ke ɗauke da rabin aikin. Ita ke bin layin biyan kuɗi, ita ke nemo magani, ita ke ba da abinci da zubar da fo, ta kwana a baranda. Ran da aka ba da sallama, abin da ke hannunta shi ne takardar magani da ranar dawowa. Sauran ilimin sai ta koya da kanta, a jikin mijinta.

Ilimin kuwa ba ƙarami ba ne. Wanda ba ya iya motsi yana buƙatar a juya shi kusan kowace awa biyu, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya huda masa ƙugu da diddige. Wanda haɗiya ta yi wa wuya, in aka ba shi kunu yana kwance zai ƙware, abincin ya gangara huhu ya zama ciwon da ke kashe da yawa daga cikin waɗanda suka tsira daga faɗuwar farko. Gaɓɓan da ba a motsa su kullum sukan sandare, masu aikin gashi da motsa gaɓɓai kuma a birni suka taru. Ga masai na tsuguno wanda mai ƙafa ɗaya ba ya iya amfani da shi. Ga wankin zannuwa kullum da ruwan da sai an ja daga rijiya ko an saya wurin 'yan garuwa. Ga ɗaga namijin da ya fi ta nauyi, sau da yawa a yini.

Me ya sa sai ita? Domin al'aura da kunya sun rufe ƙofa ga kowa. 'Ya mace ba za ta yi wa mahaifinta tsarki ba, matar ɗa ba za ta ko haɗa ido da surukinta ba, 'yan'uwa maza suna gidajensu da gonakinsu. A makonnin farko gida yana cika da 'yan dubiya, waɗanda su ma sai an ba su ruwa da abinci. Bayan wata biyu ko uku sawu ya ɗauke, a bar ta da shi.

Akwai kuma abin da ya fi aikin hannu ciwo. Cutar ƙwaƙwalwa tana sauya hali. Mutumin da magana ta ƙwace masa yana iya zama mai saurin fushi ko yawan kuka. Mai cutar mantuwa yana iya fita cikin dare a neme shi a bayan gari, ko ya zargi matar da suka shekara talatin tare da satar masa kuɗi, ko ya tambaye ta wace ce ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu jinyar masu cutar mantuwa a gida suna kashe kimanin awa biyar kowace rana a kan aikin, kuma mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na waɗannan awoyi. Sakamakon a jikin mai jinya shi ne ciwon baya da rashin barci da damuwar da ba ta da wurin kai ta. In ta yi ƙorafi, a ce ba ta da haƙuri. Ita kanta tana iya ɗauke da hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba.

Jarin da ke narkewa a cikin gida

Masaniyar tattalin arzikin karkara Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Ɗorayi ta Kano, ta bayyana tun a ƙarshen shekarun 1960 yadda matan kulle ke tafiyar da wata kasuwa da ba a gani daga waje. Ana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da daddawa a tsakar gida, yara su fita da su talla. Da ribar wannan sana'a mace ke zuba adashi, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta sayi akuya. Wannan ita ce inshorarta.

Jinya ita ke fara cinye ta. Matsar mai da suyar ƙuli suna son yini guda ba yankewa, mai jinya kuwa ba ta da awa biyu nata na kanta. Sana'a ta tsaya, zubin adashi ya gagara, biki ya yanke, da shi kuma ƙawancen da za ta jingina da shi ran da ta shiga uku. Wadda ke cike gurbin ita ce babbar 'yarta, ko dai ta ƙara yawan talla ko ta zauna gida rainon ƙanne. Ta kowace hanya makaranta ce ke asara, aure da wuri kuma ya zama hanyar rage baki. A gidan da ke da kishiyoyi, wani lokaci akan raba jinya kamar yadda ake raba girki, abin ya zo da sauƙi. Wani lokaci kuma nauyin ya tattaru a kan uwargida, amarya mai ƙuruciya ta nemi hanyar fita.

Tsadar magani ta ƙara dagula lissafin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na magani suka tashi tare. A watan Agusta na shekarar kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Najeriya, kuma zuwa Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A watan Yuni 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji a kan kayan haɗa magunguna, amma mai saye a kemis ɗin ƙauye ƙwaya-ƙwaya yake saye, a farashin da ya taras. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Don haka ake shan maganin hawan jini in kai ya yi ciwo a ajiye in ya lafa, alhali barin sa ne ke kawo shanyewa ta biyu. Maganin farfaɗiya kuwa, tsayar da shi kwatsam yana iya tayar da faɗuwar da ta fi ta da muni.

In ajali ya zo, matar za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Rabonta a gado, in akwai 'ya'ya, tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, wanda za su raba in su biyu ne ko fiye. Shari'a ta tanadi a biya bashin mamaci kafin a raba gado, amma awakin da ta sayar da jarin da ta narkar ba ta rubuta su a matsayin rance ba, ba ta kafa shaida ba, kunya kuma ba za ta bar ta ta ɗaga maganar a gaban dangin miji ba.

Idan matar ce ta kwanta

In cutar ta faɗa kan matar, labarin yakan sauya. Abin da aka saba ji shi ne ta tafi gida jinya. Akwai hikima a al'adar, domin uwa da 'yan'uwa mata sun fi iya ɗawainiyar jikin mace, miji kuma dole ya fita gona da kasuwa. Sai dai tafiyar tana mayar da nauyin kan iyayen da su ma tsufa ya kama su, in jinyar ta yi tsawo kuma zuwa dubiya ya ja baya, a ɗaura wani aure, wani lokaci takardar saki ta biyo baya. Akwai mazan da ke tsayawa su yi jinyar matansu da hannunsu, su yi girki su yi wanki. Irin waɗannan, maimakon a yaba musu, sukan sha zunɗe a majalisa, a ce an shanye su.

Farfaɗiya ta fi kowace cuta nuna wannan bambanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓa mai ita, amma wannan zato ya sa mutane ke watsewa a lokacin da ya kamata a janye mai faɗuwa daga wuta, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki. Mace mai farfaɗiya aikinta a bakin murhu da bakin rijiya yake, wurare biyu mafiya haɗari gare ta. Tsoron rasa miji yakan sa iyaye su ɓoye cutar kafin aure, ɓoyewar kuma ta zama hujjar saki in ta bayyana.

Akwai tambaya ta fiƙihu a ƙarƙashin wannan duka. Tsofaffin littattafan mazhabobi, a mafi rinjayen ra'ayi, ba su lissafa kuɗin likita da magani a cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. Malaman wannan zamani da yawa, ciki har da Wahba Zuhaili na Siriya, sun ce hukuncin ya ginu ne a kan yanayin zamanin da magani bai zama larura kamar abinci ba, yau kuwa ya zama. Wannan muhawara ba ta sauko zuwa masallatan Juma'a na ƙauye yadda ya kamata ba. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba da sanarwar shirin daftarin dokar iyali, aka yi ta cece-kuce a kan sharuɗɗan ƙara aure. A Oktoba 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauki nauyin auren mutum 1,800 da matansu ta hannun Hukumar Hisba, a 2024 kuma gwamnan ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Duk wannan yana nuna cewa hukuma a Kano ba ta ɗauki aure a matsayin abin da ba ruwanta da shi ba. Tana halartar ranar ɗaurin aure. Ranar da ɗaya ya kwanta ɗaya ya zama mai jinya ce ba a ganin ta.

Dokoki sun yi yawa, mai jinya ba ta ciki

Ba dokoki Najeriya ta rasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA a 2016. An sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairu 2019. Dokar inshorar lafiya ta Mayu 2022 ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. A Janairu 2023 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A Mayu 2022 kuma ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince da shirin shekara goma na yaƙi da farfaɗiya da sauran cututtukan jijiyoyi, wanda ya ambaci tallafa wa masu jinya ƙarara.

Giɓin yana tsakanin takarda da tsakar gida. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da inshorar lafiya. Tsarin da ke cire kuɗi daga albashi yana isa ga ma'aikacin gwamnati cikin sauƙi, manomi kuwa ba shi da albashin da za a cira. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi 'yan kaɗan ne, suna manyan birane, kuma a 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Duk likitan da ya tafi, aikinsa bai tafi da shi ba, yana komawa ne kan wata mace a wani ɗaki.

Wasu ƙasashe sun amince cewa jinya aiki ce. Birtaniya tana biyan alawus ga wanda ke jinyar wani aƙalla awa 35 a mako, Afirka ta Kudu tana ƙara wa mai karɓar tallafin tsufa ko naƙasa wani abu in yana buƙatar mai kula da shi kullum. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 ba lallai ta iya fara wa daga nan ba. Amma akwai abubuwan da ba su kai haka tsada ba.

Abin da za a iya yi daga mazaɓa

Kano ta riga ta nuna cewa tana iya shiga kowane gida in ta ga dama. Yaƙin da aka yi da shan inna ya dogara ne a kan mata masu bi gida-gida, da masu unguwanni da dagatai da hakimai, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agusta 2020. Hanyar da ta kai ɗigon rigakafi bakin kowane yaro tana iya kai na'urar awon hawan jini hannun kowane magidanci da matarsa. Tun 2014 Najeriya ke da manufar miƙa wasu ayyukan likitoci ga ƙananan ma'aikatan lafiya. A 2020 aka fara gwajin shirin shawo kan hawan jini a cibiyoyin matakin farko na jihohin Kano da Ogun. Aikin BRIDGE, na haɗin gwiwar Asibitin Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya horar da ma'aikatan lafiya na al'umma a Kano da Zariya da Kaduna su gano farfaɗiya a jikin yara su kuma kula da ita. Ƙwarewar tana nan cikin jihar, abin da ya rage shi ne a faɗaɗa ta, a sa mata kuɗi daga kasafi maimakon jiran masu ba da agaji.

Mataki mafi arha shi ne kada wani asibiti ya sallami wanda jikinsa ya shanye sai an zaunar da mai jinyarsa an nuna mata, da Hausa kuma a aikace, yadda ake juyawa da ciyarwa da motsa gaɓɓai da ɗagawa ba tare da ta karya bayanta ba. Na biyu, ma'aikacin lafiya na mazaɓa ya riƙa leƙa irin waɗannan gidaje ko sau ɗaya a wata, ya auna maras lafiya ya auna mai jinya. Na uku, magungunan hawan jini da na farfaɗiya su kasance a cibiyar mazaɓa ba yankewa, a kuma sa gidajen da ke doguwar jinya a sahun gaba wajen rajistar marasa galihu. Hukumar Zakka da Hubusi, wadda aka kafa a 2003, da kwamitocin masallatai suna iya ɗaukar nauyin keken maras lafiya da katifa da kujerar bahaya. Gayya, wadda ta kusa zama tarihi, tana da sabon aiki a gonar maƙwabcin da ya kwanta. Malamai kuma suna da huɗubar da ba su yi ba tukuna, a kan haƙƙin matar da ta kwanta da ladan mijin da ya tsaya.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wanda ke nufin shugaban ƙaramar hukuma da kansila suna da ƙarancin uzurin cewa ba a hannunsu abin yake ba. Matasan da ke tafka muhawarar siyasa a Facebook da zaurukan unguwa, da yawansu 'ya'yan irin waɗannan gidaje ne, su ne ke turo kuɗin magani a ƙarshen wata, ƙannensu mata ne ke barin aji. Yayin da 'yan takarar 2027 za su fara zagaya kasuwannin Ɗambatta da Bichi da Minjibir, akwai tambayoyin da amsarsu lamba ce, ba kirari ba. Mutum nawa aka auna wa hawan jini a cibiyar mazaɓar nan bara? Wata nawa maganin farfaɗiya ya yi babu shi a kanta? Gida nawa ake jinyar wanda jikinsa ya shanye, kuma yaushe rabon da wani ma'aikacin lafiya ya yi sallama a ƙofarsu?